Lallen Hajja Rabi

Ku 'ya'yan ƙanwata, jiya na ji ku kuna hira a falo, ɗayarku tana cewa in ba ta samu aikin kanti ba za ta bi Khala, wato ni, gidan tsofaffi, tunda aikin bai wuce a ba tsohuwa abinci a shafa mata kai ba. Na ji, ban tanka ba, don lokacin ƙafafuna na cikin ruwan ɗumi da gishiri. Yau ku zauna in gaya muku. Ku amsa min da Larabcinku in kun ga dama, na san Hausar kuna jin ta sarai.

Ni a wani ƙauyen bakin kogi aka haife ni, a ƙasar Sinnar ta Sudan. Aure ne ya kawo ni Madina. Mijina, baban ɗana Bashir, tela ne, da ya rasu ya bar ni da yaro ƙarami da keken ɗinkin da ban iya ba. Wata maƙwabciyarmu a Al-Ranuna ta ce ana neman mace mai ƙarfi da tsabta a wani gidan waƙafi da ke wajen Aƙiƙ, inda ake riƙe tsofaffin mata waɗanda ba su da mai kula da su, ko suna da shi amma ba ya kusa. Na ce ai na yi jinyar kakata, na yi ta uwar mijina, me ya rage min in koya? Irin maganarku ta jiya ke nan.

Ranar da na fara, wanka aka ba ni. Wadda aka haɗa ni da ita ta koya min ana ce mata Goggo Kaltume, 'yar Abeshe ce ta ƙasar Cadi, doguwa, ba ta da yawan magana. Tsohuwar da za mu yi wa wankan 'yar Jawa ce ta ƙasar Indunusiya, ƙarama kamar yarinya, ba ta jin Hausa, Larabcin ma kaɗan take tsinta. Na haɗa ruwa, na kai hannu zan cire mata riga. Goggo Kaltume ta riƙe min wuyan hannu.

"Hauwa, kin yi mata magana?"

"Na gaishe ta da safe, Goggo."

"Waccan gaisuwar safe ce. Yanzu jikinta za ki taɓa. Gaya mata."

"Ai ba ta ji."

"Jikinta yana ji."

Ta durƙusa har fuskarsu ta daidaita, ta ce mata Hajja, za mu zuba ruwa, da dama za mu fara, bismillah. Ta yafa mata zane daga kafaɗa har gwiwa, ta zare rigar ta ƙarƙashinsa. Ta yi wankan nan gaba ɗaya hannunta a cikin zanen, daga ni har ita ba wadda ta ga abin da matar ta yi rayuwarta tana suturtawa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, ba kuma mai tsada a ciki. Kujerar wanka mai rami, buta, zanen rufi, tawul na fuska da na ƙafa, man zaitun, basilin, mataji mai manyan haƙora, abin yankan farce, ƙunzugun manya da a nan ake kira hafaza, sai keken turawa, arabiyya. Ruwa da gwiwar hannu ake gwada shi, don yatsan mai aiki ya saba da zafi, fatar tsohuwa kuwa kamar ɓawon albasa take. Ba a goge ta, dannawa ake yi da tawul. Tsakanin yatsun ƙafa sai an busar, musamman mai ciwon suga, don ɗan danshin nan yana iya kai mutum ga rasa ƙafa. Wadda ba ta tashi, juya ta ake yi a kai a kai, a duba ƙugu da dunduniya. In kika ga wuri ya yi ja, kika danna bai washe ba, gyambo ne ke shirin fitowa, sai ki kira nas tun da wuri. Ɗagawa kuma da gwiwa ake yi, ba da baya ba. Matan da muka fara tare, da yawansu ciwon baya ne ya sallame su daga aikin, ba mudira, shugabar gidan, ba.

Duk wannan aikin hannu ne, mace mai lura za ta iya shi kafin shekara ta zagayo. Abin da ya fi shi wuya shi ne karɓar sabuwa. Matar da ta saba ita ke riƙe da makullin ɗakinta, ita ke cewa ga abin da za a dafa, rana ɗaya a kawo ta inda wata ce ke kunna mata fitila ta kashe. Wata da faɗa take zuwa, ta jefe ki da kofi. Wannan ba ta ba mu tsoro, mai faɗa tana da sauran ƙarfi. Wata ta yi ta kuka har ta gaji ta ci abinci. Wadda Goggo Kaltume ta ce in riƙa sa wa ido ita ce mai ladabi, wadda komai kika yi mata sai ta ce ta gode, ba ta neman komai, ba ta ƙin komai da baki. Irinta, in ba a tashi tsaye ba, a hankali take sulalewa daga duniya, ke kuma kina cewa ai ba ta da matsala.

Hajja Rabi irin wannan ce. Lokacin da aka kawo ta Goggo Kaltume ta riga ta ajiye aiki ta koma wajen 'yarta a Makka, ni ce babba a ɓangarenmu. Hajja asalinta Damagaram. Tana ƙarama iyayenta suka taso da ita ta ƙasa, suka yi shekaru a hanya, su tsaya su yi noma su ƙara gaba, har suka iso. A nan ta girma, a nan ta yi aure, a nan ta binne iyayen da mijin. Sana'arta a Uhudu take, gefen filin da motocin maziyarta ke tsayawa: lalle, turaren wuta, kwalli, carbi, habbatus sauda. Ɗanta ɗaya ne, Usman, yana aiki a Jubail, can ɗaya bakin ƙasar.

Zamewa ta yi a matakalar gidan da take haya, ƙugu ya karye. Ɗakinta a saman bene yake. Bayan an yi mata aiki a asibiti, Usman da matarsa suka yi juyin duniya ta bi su, matar ma har ta kwashe kayan ɗakin ƙasa ta gyara mata. Hajja ta ce a'a. Iyayenta ba su tako ƙasa daga Damagaram don a binne ta a bakin teku ba, ita maƙabartar Baƙi'a take jira, kusa da su. Shi ba ya iya barin aikinsa, ita ba ta iya hawa bene, ba ta iya shiga bayi ita kaɗai. Abin da ya rage shi ne mu. Don haka kada ku ɗauka duk tsohuwar da kuka gani a wurinmu yar da ita aka yi.

Shi ya turo ta da kansa, babban mutum da furfura a gemu. Irinku ne, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa, kalma ɗaya ce ba ya canzawa, Inna. Ya miƙo min 'yar jakarta ya ce, "Ya Ummu Bashir, amana ce." Ya sumbaci kanta. Ta ce, "Je ka ɗana, kada jirgi ya bar ka. Ni lafiyata lau." Da na leƙa baranda na gan shi ya kifa goshi a bango, na koma ciki na ba shi wuri.

Ɗakin da muka sa ta gado biyu ne. Ɗayan na Ummu Salih ne, Balarabiya 'yar asalin Madina, makauniya, mai surutu da barkwanci. Tana jin ƙarar arabiyya ta ce, "Wa aka kawo min? In tana munshari ku mayar da ita." Hajja Rabi ta gaishe ta da kyakkyawan Larabci, ta nemi afuwar takura mata, ta yi shiru.

Shirun nan ya daɗe. Wanka, ta ce ta gode, za ta goge jikinta da kanta. Abinci, ta ce ta gode, ta ɗan taɓa ta rufe. Abayarta na jikinta daga asuba har isha, kamar wadda ta zo dubiya. In na ce, "Hajja, in jera miki kayan nan a dulab ɗin tufafi?" sai ta ce, "Bar su ɗiyata, kada in cika muku wuri."

Na ce ko abincin ne bai karɓe ta ba. A gidan an fi yin saliƙ, shinkafar nan mai laushi da madara, sai shurba, romon nan mai kauri, sai ful, dafaffen wake, da safe. Na nemi izinin mudira, na tuƙa tuwo a gida, na kaɗa miyar kuka da daddawar da wata matar malami 'yar Kano ta ba ni, na kawo da zafinsa. Ta sunsuna, ta yi 'yan lomomi, idonta ya ciko. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, kin tuna min da innata." Ta mayar da murfi. Na dama kunu, haka. Na nemo mata 'yan ƙasarsu su yi mata hira, ta karɓe su da fara'a, suna fita ta juya ta fuskanci bango.

Zoben hannunta ya fara zamewa. Likita ta zo ta auna ta, ta ce in aka ci gaba a haka sai dai a mayar da ita asibiti a sa mata robar abinci ta hanci. Na sha gani, wadda ta tafi a haka ba kasafai take dawo mana ba. Usman kullum yana waya, tana ce masa ana kula da ita kamar sarauniya. Ba ƙarya ta yi ba. Kulawar ce ma ta yi mata yawa, ita da ta saba ita ke yi wa mutane.

Lallen sallah ne ya buɗe mana hanya, kuma ba dabarata ba ce. Ana gab da babbar sallah, Ummu Salih ta ce sai an sa mata lalle kamar yadda ta saba. Ba ta ganinsa, amma ta ce tana jin sanyinsa da ƙanshinsa. Na sayo na leda a baƙala, ɗan kantin unguwa, na zauna a ɗakin ina kwaɓawa. Sai na ji murya daga wajen bango.

"Wa ya sayar miki da wannan?"

Na ce, "A baƙala na saya, Hajja."

"Kawo nan."

Ta juyo, ta ɗebi garin, ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci. Fuskarta ta canza, ban taɓa ganin ta haka ba.

"Haɗi ne. Garin wani ganye ne da rini. Lalle ba ya yin wannan koren. Kika sa wa tsohuwa wannan sai ya ci mata fata. Zubar da shi. In kin tashi aiki ki je Uhudu, ki tambayi Batula, tirenta na kusa da inda nake zama. Ki ce ni na aiko ki. Ta ba ki na cikin buhu, ba na saman tire ba."

Tun da ta zo ba ta taɓa yin magana mai tsawon wannan ba, ba ta kuma taɓa aiken kowa ba.

Bayan la'asar na je. Ina ambatar sunanta matan wurin suka bar ciniki suka yanyame ni. Batula ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce Hajja ce ta hana su zuwa, wai kada su gan ta a arabiyya. Suka haɗo min lalle, da busasshen lemon tsami, da 'yar kwalbar mahlabiyya, man ƙanshin nan da ake zubawa a kwaɓi. Kowace da saƙon gaisuwarta, har na rasa na wa zan fara riƙewa.

Da safe na tarar da ita a zaune tana jirana. Ta ce in kawo kwano da siririn ɗankwali. Ta fara tankaɗe, hannun abayar yana shiga cikin garin. Ta naɗe shi, ya warware, ta sake naɗewa. Can ta yi tsaki, ta zare abayar da kanta, ta ninke ta ajiye a gefe. Ban ɗaga kai ba. Ta kwaɓa da ruwan lemon da baƙin shayi, ta bar shi ya tsima, sannan ta ce in matso da ita gadon Ummu Salih. Ta sa mata a tafin hannu da kan yatsu, ta naɗe hannayen da tsumma ta ɗaure.

Suna cikin haka aka kawo abincin rana. Na ɗauki cokali zan ba Ummu Salih, tunda hannunta a ɗaure yake. Ta kau da kai.

"Ba ke ba. Wadda ta ɗaure ni ita za ta ciyar da ni."

Hajja Rabi ta karɓi cokalin, ta ba ta loma ɗaya. Da ta kawo ta biyu, Ummu Salih ta datse baki.

"Ya Rabi'a, ni makauniya ce, ba kurma ba. Tun da kika zo ɗakin nan ban ji cokalinki ya taɓa ƙasan faranti ba. A gidan ubana ba a ci wani yana kallo. Lugma liki, lugma li. Loma ke, loma ni."

"Na ƙoshi, ya ukhti, 'yar'uwata."

"To wallahi ni ma na ƙoshi. Kuma ina da suga. In na faɗi, alhakina a wuyanki."

Hajja ta dube ni, na duƙufa ina ninke tawul ɗin da na riga na ninke. Na ji ƙarar cokali, na ji Ummu Salih ta ce, "Haɗiye, ina ji." Haka suka yi ta yi, ɗaya na tsare ɗaya, har suka share farantin farko suka shiga na biyu.

Da aka kwance hannun, lallen ya kama jajir. Nas ta yaba, labari ya zaga gidan. Kafin yamma arabiyya sun yi layi a ƙofar ɗakin, har da masu girki. Hajja ta koma ba ni umarni: "Ɗiyata, tankaɗa wannan. A'a, ba haka ba, a hankali. Kawo wa wannan matashi ta ɗora hannu." Ta yi gumi, lalle ya ɓata mata hannu har gwiwa. Daren sallah bayan magariba ta kira ni ta ce, murya ƙasa ƙasa, "Gobe ki haɗa min ruwa. Amma ki zo da zane."

Na ce, "Hajja, ai mu ba ma yi sai da zane."

Daga kanta na canza yadda nake karɓar sabuwa. Nas tana tambayar dangi magunguna, ni kuma ina tambayarsu me take yi da hannunta lokacin da take da ƙarfi. Akwai wadda ta karantar da yara Alƙur'ani, ita muke kai wa karatunmu ta gyara mana. Akwai wadda muke ba tiren adas, ƙananan waken nan, ta tsince, ko da ba tsakuwa ko ɗaya a ciki. Aikin yana ƙara mana wahala, don abin da za ki yi nan take sai ki jira tsohuwa ta yi shi a rabin wuni. Amma wadda aka jira ta, tana ci, tana barci.

Bayan sallah Hajja ta sa Usman ya kawo mata tirenta da kaskon turare da kwalabenta. Ta aika wa su Batula cewa ƙofa a buɗe take. Duk Alhamis da la'asar nakan tura ta ɗaki ɗaki, kasko a cinyarta, ta turara wa kowace mayafi, ta ji lafiyarta, ta dawo ta gaya min wadda ke ɓoye ciwo. In motar gidan ta kai su Harami, takan riƙe hannun arabiyyar Ummu Salih, tana faɗa mata abin da take gani: ga laimomin fili suna buɗewa, ga koriyar ƙubba, ga tantabaru. Ummu Salih ta ce ai duk ta san su tun kafin a haifi Usman, amma a ci gaba da faɗa.

Sai shekarar annoba ta zo. A duk aikina ban ga shekara irinta ba. Aka rufe ƙofa, ba mai shiga ba mai fita, mu ma'aikata a ciki muke kwana. Aka sa mana takunkumi da safar hannu da gilashin fuska. Masu mantuwa suka daina gane mu, in kin nufo su sai ihu. Masu nauyin ji, waɗanda da bakinmu suke kallo su gane magana, suka koma kamar an toshe su a tulu. Aka hana turare saboda ƙirji, aka hana taruwa, aka raba gadaje. Hannuwanmu suka tsattsage don wanki. Dangi sai ta waya, mu riƙe musu su ga juna. Tsofaffin suna sumbatar gilashin wayar, mu goge mu kai wa ta gaba.

Wata safiya Ummu Salih ta tashi da zazzaɓi, kafin azahar numfashinta ya canza. Aka fitar da Hajja Rabi zuwa wani ɗaki ita kaɗai. Da motar asibiti ta zo, aka biyo da gadon ta ƙofarta. Hajja ta ɗaga murya daga ciki ta ce, "Ya ukhti, ina nan!" Ummu Salih ta ɗaga hannu ta inda muryar ta fito. Ba ta dawo ba.

Mudira ta ce ko a ɗan ɓoye mata. Na ce matar da ta ji ana kwashe kayan ɗaki ba abin da za a ɓoye mata. Na shiga, na durƙusa a gabanta da takunkumina, na faɗa mata. Ta yi salati, ta daɗe tana jan carbi.

"A ina aka sa ta?"

"Baƙi'a, Hajja."

"Alhamdu lillahi. Ita da ba ta gani, ta riga ni gane hanya."

Da aka kawo abinci na tsaya a kanta. Ta ce, "Je ki aikinki ɗiyata, akwai waɗanda suka fi ni bukatarki. Zan ci." Ta ci, ba da marmari ba, amma ta ci. Mun rasa wasu bayan Ummu Salih a shekarar nan, har da ɗaya daga cikin masu girkinmu. Hajja Allah ya tsallakar da ita, tana nan da ranta har yanzu, in kun zo za ku gan ta.

Da aka buɗe ƙofa, gidan ya fara karɓar sababbi, aka mayar da ita tsohon ɗakinta, aka kawo wata a ɗaya gadon. Sunanta Muzna, daga ƙauyukan bayan gari, ta yi kiwon awaki duk rayuwarta. Ƙatuwar mace ce, ba ta kai Hajja shekaru ba, amma mantuwa ta cinye ta, ba ta san 'ya'yan da ta haifa ba. Gashinta ya dunƙule, duk wadda ta nufo ta da mataji sai ta sha duka. Ranar da muka shigo da ita tana ta fizge-fizge, idonta ya sauka kan Hajja. Ta tsaya cak. Ta ce, "Yumma!" wato inna. Ta tafi da rarrafe ta ɗora kai a cinyarta.

Hajja ta dube ni ta ce da Hausa, "Me zan ce mata?"

Na ce, "Abin da kika ga ya dace, Hajja."

Ta ɗora hannu a kan nan ta ce da Larabci, "Na'am 'yata. Ina kika shiga tun safe?" Ta miƙo min hannu, na sa mata mataji da man zaitun. Sai da ta wuni tana warware gashin, Muzna ko motsi. Daga baya wata daga cikinmu ta ce wa Hajja wannan ba ƙarya ba ce kuwa? Ta ce, "Ban ce na haife ta ba. Kira ta yi, na amsa." Tun daga nan Muzna ba ta cin abinci sai a gefenta, ba ta yarda a yi mata wanka sai tana jin muryarta a bakin ƙofa.

Ana nan, wata ranar Laraba da hantsi sai ga Usman, fuskarsa cike da murna. Ina ɗakin ina zuba musu gahawa, Muzna na barci riƙe da gefen zanen Hajja. Ya durƙusa, ya yi maganar da Hausa, da gani ya daɗe yana shirya ta.

"Inna, na ajiye aiki. Na dawo Madina gaba ɗaya, da iyali. Na kama gida kusa da masallacin Ƙuba, a ƙasa, babu bene. Ɗakinki yana nan, an gyara. Babu Jubail, babu teku. Tashi mu tafi gida."

Hajja ta riƙe fuskarsa da hannu biyu, ta yi ta sa masa albarka, har da Hausar da ya yi. Sannan ta ce, "Zan riƙa zuwa muku duk Juma'a in wuni, in ga jikokina, in ci girkin matarka. Amma kwana, a nan."

Ya koma Larabci bai sani ba. "Don me, Inna? Abin da kika ce shi na yi. Shekara da shekaru ina jin kunyar mutane, uwata a gidan tsofaffi ina raye."

"Na sani ɗana. Ba ka da laifi, ni na zaɓa." Ta nuna Muzna da haɓa. "Kai ka yi furfura, kana da mata da 'ya'ya, ka san sunanka. Wannan in ta farka ba ta gan ni ba, ba ta san inda take a duniya ba."

Ya juyo gare ni. "Ummu Bashir, ki yi mata magana."

Na ce, "Ni wanka da abinci ne nawa. Wannan tsakaninka da mahaifiyarka ne."

Ya sunkuyar da kai. Muryoyinmu suka ta da Muzna. Ta tashi zaune, ta ga namiji a ɗaki, ta ƙanƙame hannun Hajja.

"Yumma, wane ne wannan?"

"Ɗan'uwanki ne, Usman. Daga tafiya ya dawo."

Muzna ta ƙura masa ido, ta ɓata fuska. "Ka daɗe! Ka bar Yumma tana ta jiranka. Me ka kawo min?"

Usman ya dubi uwarsa, ya dube ta. Ya laluba aljihun dama, makullin sabon gida ne. Ya laluba na hagu, ya samo alawar na'ana'a guda ɗaya, ya ɓare ya sa mata a hannu. Ya miƙe ya sumbaci kan Hajja. Muzna ta karkato da nata kan tana jira. Ya tsaya jim, ya dubi Hajja, ta gyaɗa masa kai. Ya sunkuya ya ɗora leɓensa a kan mayafin Muzna, sannan ya zauna a ƙasa tsakanin gadajen biyu. Na ƙaro finjali a tiren gahawa, na ja musu ƙofa, na wuce ɗaki na gaba.

Tun daga makon nan, duk Juma'a motarsa mutum biyu take ɗauka.